Yadda unguwannin Margate suka sauya tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu: tambayoyi da amsoshi

Margate gari ne da ke bakin teku a yankin Thanet na gundumar Kent, can a kusurwar kudu maso gabashin Ingila, kimanin kilomita 120 daga Landan, kuma mazaunansa sun ɗan haura 60,000. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan garin yana cin abinci da saukar baƙi masu zuwa hutu, kuma yawancin manyan gidajen da ke kusa da gaɓa don wannan sana'a aka gina su. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi waɗannan gidaje da mutanen da suka riƙa kwana a cikinsu daga 1945 zuwa yau. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa gine-ginen ba su sauya sosai ba. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wanda ke biyan kuɗin ɗaki, kuma galibi daga Landan wannan sauyi ke tasowa.

Wane hali Margate ke ciki lokacin da yaƙi ya ƙare a 1945?

Garin ya sha jiki, amma bai rushe ba. Kusancinsa da Faransa ya sa ya zama bakin daga: a 1940 an sauke sojoji fiye da 46,000 da aka kwaso daga Dunkirk, a gaɓar Faransa, a gadar jiragen ruwansa, an kwashe yaran makaranta zuwa gundumar Staffordshire da ke tsakiyar ƙasar, sojoji suka mamaye otal-otal da yawa, sannan a 1943 bam ya rusa cocin Holy Trinity. Duk da haka, mafi yawan layukan gidajen sun tsira.

A wancan lokaci ana iya raba garin gida huɗu. Akwai Tsohon Gari da ke kewaye da tashar jiragen ruwa, mai lunguna matsattsu, tare da dandali biyu na ƙarni na 18, wato Cecil Square da Hawley Square. Daga gabas, a kan tudun alli da ke kallon teku, akwai Cliftonville, unguwar da aka gina mafi yawanta a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 domin baƙi masu hannu da shuni. Daga yamma akwai Westbrook da Westgate. Daga bayan gari kuwa gonaki ne da tsofaffin ƙauyuka irin su Garlinge da Northdown, waɗanda gari bai gama haɗiye su ba tukuna.

Su wane ne ke zaune a manyan gidajen Cliftonville a shekarun 1950?

Masu masaukai ne da iyalansu, sai kuma baƙin da ke zuwa suna tafiya duk mako. Dokar da ta ba ma'aikata hutu tare da albashi an kafa ta ne tun 1938, amma sai bayan yaƙi talakawa suka ci moriyarta sosai, kuma Margate na cikin wuraren da ma'aikatan Landan suka fi nufa da jirgin ƙasa. Gidajen da ke layuka irin su Athelstan Road da Edgar Road da Dalby Square dogaye ne, hawa huɗu ko biyar, manne da juna, kowanne da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda madafa take. Galibi mace ce ke riƙe da masaukin, mijin yana wani aikin a waje ko yana taya ta. Iyali kan kama ɗaki daga Asabar zuwa Asabar, a ciyar da su a gidan, kuma a masaukai da yawa ƙa'ida ce baƙo ya fita bayan karin kumallo, kada ya dawo sai lokacin cin abinci ya yi. Idan baƙi suka yi yawa, masu gidan kan tattara 'ya'yansu su koma ƙarƙashin ƙasa domin kowane ɗaki na sama ya kawo kuɗi. Lissafin mai masauki irin na manomi ne da damina: abin da ya tara daga Yuni zuwa Satumba shi zai kai shi baɗi.

Kasuwar ta yi ƙarfin da kamfanin Butlin's, wanda ya shahara da sansanonin hutu, ya sayi manyan otal-otal da dama a Cliftonville a tsakiyar shekarun 1950. Akwai kuma al'ummar Yahudawa, da wurin ibadarsu da aka gina a ƙarshen shekarun 1920, da otal-otal masu dafa abinci bisa ƙa'idar addininsu, saboda Yahudawan Landan da ke zuwa hutu. Titin Northdown Road shi ne kasuwar unguwar, kuma a lokacin ana ganin shagunansa sun fi na tsakiyar gari daraja.

Abu guda ya kamata a riƙe daga wannan zamani, domin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Waɗannan gidaje sun fi ƙarfin iyali ɗaya, kuma kuɗin gyara da na ɗumama su ba ya fitowa sai ɗakunan suna kawo kuɗi. Ranar da baƙon hutu ya daina zuwa, dole a nemo wani mai biya.

To, ina sauran mutanen gari suka zauna?

Bayan yaƙi ƙananan hukumomi a duk faɗin Birtaniya sun duƙufa wajen gina gidajen haya masu rahusa, kuma Margate ba ta zama daban ba. An gina rukunin gidaje a bayan gari, nesa da gaɓa, a wurare irin su Millmead da kwarin Dane da kewayen Garlinge. Ga iyalin da ya fito daga ɗaki biyu masu laima a Tsohon Gari, samun gida mai banɗaki a ciki da ɗan lambu a baya ba ƙaramin ci gaba ba ne. Aiki ma ya fara samuwa a wannan ɓangare: a 1954 kamfanin Rovex ya buɗe masana'antar kayan wasan yara a Westwood, wadda daga baya aka san ta da ƙera ƙananan jiragen ƙasa na Hornby.

A bakin teku kuwa, dab da tashar jirgin ƙasa, an kammala Arlington House a 1964, dogon bene na kankare mai hawa 18 da gidaje fiye da 140 a ciki. Ba ƙaramar hukuma ce ta gina shi don talakawa ba, kamfani ne mai zaman kansa, kuma an tallata shi a matsayin gidan zamani mai kallon teku. Har gobe mutanen gari ba su daidaita a kansa ba. Wasu na ganin ya ɓata fuskar gaɓa, wasu kuma, musamman sababbin zuwa, suna neman gida a cikinsa ido rufe.

Dokar gidaje ta 1980, a zamanin Firaminista Margaret Thatcher, ta ba 'yan hayar ƙaramar hukuma damar sayen gidajen da suke ciki da rangwame mai yawa. Iyalai da dama sun mallaki gida ta wannan hanya, sai dai ba a gina sababbi da yawan waɗanda aka sayar ba. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi da a da zai sami gidan hukuma, sai ya koma neman ɗaki a hannun masu gidajen haya, kuma a Margate hakan na nufin Cliftonville.

Me ya sa gidaje marasa bene suka yi yawa a gefen garin?

Saboda 'yan fansho. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kawo iyalinsa hutu, idan ya ajiye aiki sai ya sayar da gidansa na Landan ya sayi ƙaramin gida marar bene kusa da teku, ya rage canji a hannu. Wannan yanki yana da tsohuwar alaƙa da irin wannan gini, domin a Westgate da Birchington aka fara gina shi a Ingila wajen 1870. Bayan yaƙi aka shimfiɗa irinsa layi-layi a Palm Bay da kewayen Northdown, gabas da tsohuwar Cliftonville.

Wannan ne ya sa sunan Cliftonville yake ruɗa baƙo. A taswirar zaɓe akwai Cliftonville ta Yamma, ta dogayen gidaje da 'yan haya, akwai kuma ta Gabas, ta ƙananan gidaje da tsofaffi masu mallakar muhallinsu. Tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa tsakaninsu, amma ta fuskar samu da lafiya da tsawon zama a gida ɗaya, tazarar mai yawa ce.

Yaushe baƙi suka daina zuwa, kuma me ya jawo?

Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Ya fara ne a shekarun 1960, ya yi tsanani a shekarun 1970 da 1980. Babban dalili shi ne jirgin sama ya yi araha: kamfanonin yawon buɗe ido suka fara haɗa wa mutum kuɗin jirgi da na otal a Sifaniya a farashin da ma'aikaci zai iya biya, a wurin da rana ba ta saɓa alkawari. Mota ma ta taka rawa, domin iyalin da ke da mota suna iya zuwa da safe su koma da yamma ba tare da sun kama ɗaki ba. Sannan baƙi sun fara neman ɗaki mai banɗakinsa, alhali a tsohon masauki mutum goma na iya jiran banɗaki ɗaya a kan matakala.

Akwai wani dalilin da ba a cika ambata ba. Dokar kariya daga gobara ta 1971 ta wajabta wa otal-otal da masaukai su sami takardar shaida, wanda ke nufin ƙofofi masu jure wuta da ƙararrawar gargaɗi da hanyar tsira. Doka ce mai kyau, amma ta zo wa ƙananan masu masauki a daidai lokacin da ciniki ke raguwa, kuma da yawansu suka ga gara su sayar.

Wasu kan ɗora laifi kan faɗan da ƙungiyoyin samari masu babura suka yi a bakin tekun a watan Mayu na 1964, wanda jaridu suka yi ta yayatawa. Ya ɓata sunan garin na ɗan lokaci, amma zai yi wuya a ce shi ya kori baƙi, tunda garuruwan da ba a yi faɗa a cikinsu ba ma sun shiga irin wannan hali. Guguwar Janairu 1978, wadda ta karya tsohuwar gadar ƙarfe da ta miƙe cikin teku, ita ce mutanen gari da yawa ke tunawa a matsayin alamar ƙarshen wancan zamani.

Da masaukai suka rasa baƙi, me aka yi da gine-ginen?

A nan ne unguwar ta juya. Mai gida mai ɗaki goma sha biyu da babu kowa a ciki yana da zaɓi kaɗan, kuma kusan dukkansu sun dogara ne da kuɗin gwamnati.

Na farko shi ne saukar marasa aikin yi. A farkon shekarun 1980 rashin aiki a Birtaniya ya haura mutum miliyan uku, kuma ma'aikatar jin daɗin jama'a tana biyan kuɗin ɗaki da abinci ga wanda ke zaune a masauki. Mai masauki ya gane cewa wannan baƙo, saɓanin ɗan hutu, yana nan rani da hunturu. Abin ya yi yawa a garuruwan bakin teku har jaridu suka mai da shi abin ba'a, kuma a 1985 gwamnati ta taƙaita wa matasa 'yan ƙasa da shekara 26 tsawon lokacin da za a biya musu a wuri guda. Wannan bai mayar da hannun agogo baya ba, illa dai masaukai suka rikiɗe suka zama gidajen haya na ɗaki ɗai-ɗai, inda gado da murhu da wurin wanke kwano duk suke ɗaki ɗaya.

Na biyu shi ne gidajen kula da tsofaffi da marasa lafiya. A shekarun 1980 gwamnati na biyan kuɗin zama a gidajen kulawa masu zaman kansu, kuma a lokaci guda ana rufe manyan asibitocin masu taɓin hankali ana mayar da majinyata cikin jama'a. Tsohon otal mai ɗakuna da yawa da babban ɗakin cin abinci ya dace da wannan sana'a ba tare da gyara mai yawa ba. Haka ma gidajen renon yaran da hukuma ta karɓa daga iyayensu.

Na uku shi ne yanka gida gunduwa-gunduwa a sayar ko a ba da haya. Dokar gidaje ta 1988 ta sakar wa masu gida mara wajen ƙayyade kuɗin haya, ta kuma ba su damar tashin ɗan haya ba tare da kawo dalili ba, sannan daga 1996 bankuna suka fara ba da bashi na musamman don sayen gidan da za a sa a haya. Lissafin a bayyane yake: gida a Cliftonville yana da arha, ɗakunansa suna da yawa, kuma kuɗin haya daga tallafin gwamnati yake fitowa. Mutane da yawa da ba su taɓa zama a garin ba suka sayi gidaje suka bar wa dillalai. Wanda ya bi waɗannan layuka a shekarun 2000 zai ga ƙofar da aka yi wa iyali ɗaya tana ɗauke da maɓallan ƙararrawa takwas ko goma, wasu da suna a rubuce da biro a kan 'yar takarda, wasu babu. Tsohon allon sunan otal yana nan a saman ƙofa da haruffa biyu sun faɗi. A bakin matakala kuma ga katifar ɗan hayan da ya tashi a makon jiya. A wasu makarantun firamare na yankin, yaran da aka fara shekara da su ba su ne ake gamawa da su ba.

Gaskiya ne hukumomin Landan sun riƙa turo masu matsala zuwa garin?

Akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi a ciki, ko da yake yadda ake faɗarsa a bakin titi ya wuce gona da iri. Ƙananan hukumomin Landan da na wasu wurare sun daɗe suna ajiye yaran da ke hannunsu a gidajen reno na Thanet saboda sun fi arha, kuma a 2005 kwamitin kare yara na Kent ya fitar da rahoton bincike da ya yi gargaɗi kan haɗarin tara yara masu rauni a unguwa ɗaya da manya masu fama da shaye-shaye da waɗanda suka fito daga kurkuku. Wajen shekarar 2000 an saukar da masu neman mafaka a otal ɗin Nayland Rock da ke bakin teku. Bayan ƙasashen gabashin Turai sun shiga Tarayyar Turai a 2004, iyalai da yawa suka zo, ciki har da 'yan ƙabilar Roma daga Czech da Slovakiya, suka zauna a Cliftonville ta Yamma.

Sai dai mafi yawan waɗanda suka cika ɗakunan babu wanda ya turo su. Arha ce ta jawo su, kuma mai gidan da ba ya neman mai tsaya wa mutum ko kuɗin ajiya mai yawa ya fi kowace hukuma tasiri. Ɗora wa baƙin da suka zo daga ƙasashen waje laifin lalacewar unguwar kuskure ne na lissafin shekaru, domin gidajen sun riga sun lalace shekara ashirin kafin su iso. Duk da haka ɓacin ran ya fito a akwatin zaɓe: a 2015 jam'iyyar UKIP, mai neman rage shigowar baƙi da ficewa daga Tarayyar Turai, ta karɓe majalisar Thanet, a 2016 kuma kusan kashi 64 cikin ɗari na masu zaɓe a yankin suka goyi bayan ficewa daga Tarayyar Turai.

Rashin 'yan hutu ne kaɗai ya talauta unguwannin?

A'a. Sauran ayyukan yankin ma sun yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mahaƙar kwal ta ƙarshe a Kent, Betteshanger, an rufe ta a 1989. Hornby ya gama mayar da ƙere-ƙerensa ƙasar Sin a 1999. Kamfanin magunguna na Pfizer ya sanar a 2011 cewa zai rufe cibiyarsa ta Sandwich, kusa da Margate, mai ma'aikata kimanin 2,400, sannan filin jirgin sama na Manston ya rufe a 2014. Wannan ya taɓa rukunin gidajen bayan gari kamar yadda ya taɓa na bakin teku.

A 2005 kuma aka buɗe babbar cibiyar kasuwanci ta Westwood Cross a wajen gari, manyan shaguna suka tattara suka koma can, har a 2011 aka wayi gari fiye da kashi ɗaya bisa uku na shagunan tsakiyar Margate a rufe suke. A ƙididdigar fatara da gwamnati ta fitar a 2015, wani ɓangare na Cliftonville ta Yamma shi ne na huɗu a talauci cikin ƙananan yankuna 32,844 na Ingila.

Me hukumomin yankin suka yi a kai?

Sun ɗau lokaci kafin su gane cewa maganin yana cikin gidajen ne, ba a gyaran bakin teku kaɗai ba. A 2005 gundumar Kent ta ƙaddamar da shirin No Use Empty, mai taimaka wa masu gidajen da suka daɗe a rufe su gyara su. A 2010 majalisar Thanet ta amince da tsarin gini na musamman ga Cliftonville ta Yamma wanda ya hana ci gaba da yanka gidaje zuwa ƙananan ɗakuna, aka kuma sa Dalby Square cikin wuraren tarihi da ake karewa. A 2011 aka wajabta wa masu gidajen haya a yankin su karɓi lasisi, bisa ikon da dokar gidaje ta 2004 ta bayar. Ƙungiyar masu gidaje ta kai ƙara babbar kotu, ta sha kaye a 2012, kuma aka sabunta tsarin a 2016. A ƙarƙashin shirin Live Margate kuwa, hukuma da kanta ta sayi wasu tsofaffin otal-otal ta mayar da su gidajen iyali.

Lasisin ya sa jami'ai sun shiga gidajen da ba a taɓa dubawa ba, kuma an tilasta gyaran wayoyin wuta da hanyoyin tsira daga gobara. Amma gidajen da hukuma ta iya saya kaɗan ne idan aka kwatanta da girman unguwar, kuma abin da ya juya kasuwar daga wani wuri ya zo.

Daga ina ke nan?

Daga Landan, kamar yadda aka saba. A Disamba 2009 jirgin ƙasa mai sauri ya fara zuwa daga tashar St Pancras ta Landan, tafiyar ta koma kimanin awa ɗaya da rabi. A Afrilu 2011 aka buɗe Turner Contemporary, gidan baje kolin zane-zane da mai tsara gine-gine David Chipperfield ya tsara, a daidai wurin da masaukin da mai zane J. M. W. Turner ke sauka yake a ƙarni na 19. A 2015 aka sake buɗe filin wasanni na Dreamland bayan majalisa ta karɓe shi da ƙarfin doka. A daidai waɗannan shekaru farashin gida a Landan ya fi ƙarfin matasa masu aikin zane da kiɗa da kwamfuta, sai suka lura cewa kuɗin ƙaramin gida mai ɗaki ɗaya a gabashin Landan zai saya musu bene mai hawa huɗu a Cliftonville.

Tsohon Gari ne ya fara cika da wuraren shan shayi da shagunan tsofaffin kaya, daga nan abin ya hau tudu zuwa Northdown Road. Gidajen da aka yanka gida takwas aka fara rushe bangayen katakon da ke cikinsu ana mayar da su gida ɗaya. Mai zane Tracey Emin, wadda ta tashi a garin, ta dawo ta buɗe ɗakunan aiki ga masu zane. A 2022 mujallar Time Out ta sa Cliftonville ta takwas a jerin unguwannin da suka fi tashe a duniya, shekara bakwai kacal bayan waccan ƙididdiga ta fatara. Annobar korona ta ƙara ingiza abin, tunda mutane da yawa sun gane suna iya yin aikin ofis daga gida.

Shin wannan sauyi ya amfani waɗanda aka tarar a unguwar?

Ya danganta da ko mutum na da gida ko haya yake. Wanda ya mallaki gidansa ya ga darajarsa ta tashi, layinsa ya yi tsabta, shagunan da ke rufe sun buɗe. Ɗan haya kuwa, gyaran unguwa sau da yawa takardar tashi yake zame masa. Duk gidan da aka mayar na iyali ɗaya, mutum takwas ko goma ne suka fita daga cikinsa, kuma ba a gina musu wani ba. Tallafin haya da gwamnati ke bayarwa an daskarar da shi daga 2016 zuwa 2020, aka sake daskarar da shi har 2024, alhali kuɗin haya na hawa. Ga kuma Airbnb, shafin intanet na ba da hayar gida ga baƙi na 'yan kwanaki: mai gida ya gane cewa baƙon kwana biyu a watan Agusta na iya biyan abin da ɗan haya ke biya a mako biyu, don haka wasu gidajen suka koma sana'arsu ta asali, sai dai yanzu babu uwar gida a ƙarƙashin ƙasa, akwatin makulli ne mai lambobi a jikin bango.

Ba daidai ba ne a ce da ma an bar unguwar yadda take, domin ɗakunan nan masu funfuna da wayoyin wuta a waje sun cutar da mutanen da suka zauna a cikinsu. Amma ba daidai ba ne kuma a auna nasara da yawan wuraren cin abinci a Northdown Road. Talaucin bai ƙare ba, wani ya matsa layi na gaba, wani ya koma maƙwabcin garin Ramsgate ko rukunin gidajen bayan gari, inda sababbin zuwa ba su cika leƙawa ba. Millmead da kwarin Dane ba su ga wani abin a zo a gani daga wannan tashe ba.

Ina ake gina sababbin gidaje yanzu?

A gonaki. Tsarin raya yankin da majalisar Thanet ta amince da shi a 2020 ya tanadi gidaje 17,140 zuwa 2031, kuma manyan filayen da aka ware suna Westwood da bayan Westgate da Garlinge da Birchington. Ƙasar waɗannan filaye tana cikin mafi kyawun ƙasar noma a Ingila, an san ta da farin kabeji da dankali, kuma mazauna ƙauyukan sun yi ta adawa, suna kafa hujja da cunkoson hanya da ƙarancin likitoci. Unguwannin da ke tasowa a nan na masu mota ne, sun fi kusa da Westwood Cross fiye da teku.

Labarin Margate daban yake da na sauran garuruwan bakin teku na Ingila?

Rabin farko iri ɗaya ne kusan ko'ina. Blackpool da Morecambe da Great Yarmouth da Hastings duk suna da unguwar tsofaffin masaukai da ta koma gidajen haya na ɗaki ɗai-ɗai, ta hanya ɗaya kuma a shekaru ɗaya. Inda aka rabu shi ne rabi na biyu. Hastings da maƙwabciyarta St Leonards, da Folkestone, sun ga irin kwararowar mutanen Landan da Margate ta gani, domin su ma jirgin ƙasa na kai mutum babban birnin ya dawo a yini ɗaya. Blackpool kuwa tana arewa maso yamma, ba ta da wani birni a kusa da tsadar gidajensa ta kai ta kora mata masu saye da yawa haka, ko da yake har yanzu ta fi Margate samun baƙi nesa ba kusa ba. A ƙididdigar fatara ta 2019, takwas daga cikin ƙananan yankuna goma mafi talauci a Ingila a Blackpool suke.